Makullin Lambu

A watan Yuli mu ashirin da uku ne,
har shebur ya yi mana kaɗan.
Yau ga ni a ƙofar lambu, a Dundee,
makulli ya daskare cikin kwaɗo,
ina hura masa numfashi
kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

Na buɗe littafin suna.
Morag ta zo. Struan ya zo.
Ailsa ta taso daga aikin dare a asibiti,
ido ja, hula a karkace.
Sauran sun turo saƙo a waya:
mura, yara, sai dai watan Maris.
Ban ga laifin kowa ba.
Wanda ya zo don tumatir
ai tare da tumatir zai tafi.

Rana a nan baƙuwa ce mai sauri.
Ta leƙo ta kan kogin Tay wajen ƙarfe tara,
kafin huɗu ta yi sallama.
Famfo ya ɗauke magana tun Disamba,
ruwan shayi ma daga gida muke ɗaukowa.

Ƙanena ya tambaye ni,
me ake yi a lambu idan ƙasa ta koma dutse?
Ana wasa almakashi.
Ana wanke tukwanen shuka, ɗari biyu da sittin.
Ana juya taki.
Struan ya soka manjagara a tsibin,
tururi ya tashi fari fat,
ya cire safar hannu ya tura yatsunsa ciki,
ya ce, ku taɓa ku ji,
duk unguwar nan babu mai rai kamarsa.
Muka jera hannuwa muna jin ɗumi
a jikin ɓawon dankali da ganyen bara.
Shekararsa saba'in da tara.
Tun da matarsa ta rasu bai tsallake Asabar ɗaya ba.

Daren Laraba iska ta taso daga teku
ta yage rumfar leda biyu.
Rabinta a shingen makaranta muka tsinto.
Latas ɗin da muka yi wata uku muna reno
ya kwanta baƙi,
kamar an kwara masa tafasasshen ruwa.
A aljihuna akwai takardar da na rubuta wa kwamiti:
a rufe lambu sai bazara.
Ban nuna wa kowa ba.

Asabar ta zagayo, Struan bai zo ba.
Santsi ya kayar da shi a bakin ƙofarsa,
ƙugu ya karye.
Ailsa ce ta gan shi a gado na goma sha biyu.
Ta zaro ambulan daga jaka,
da rubutunsa mai rawa a bayanta:
wake ne, irin da matarsa ta adana shekara talatin.
Kada a shuka kafin Mayu,
kuma a hana Morag cika masa ruwa.
Morag ta yi dariya
har sai da ta juya mana baya tana goge ido.

Mu uku muka ɗinke leda da igiya,
yatsu sun ƙi lanƙwasuwa,
ƙulli ɗaya sai an sa haƙori.
Ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji na biye da mu
yana duba aiki,
sai ka ce shi ya ba da kwangilar.

Za mu tashi ke nan
Morag ta durƙusa a kunya ta uku
ta share dusar ƙanƙara da gefen hannu.
Tafarnuwar da muka binne a Nuwamba
ta fito da kai,
tsawon farce, kore shar.
Ta ƙirga goma sha ɗaya.
Ailsa ta ce sha biyu ne.
Na bar su suna musu.

Na ciro takardar kwamiti, na juya bayanta,
na jingina da ƙofa na rubuta:
ƙusa, sukari, man kwaɗo,
a kai wa Struan hoton tafarnuwa,
shi ya raba gardama.